Gubar da Hanci Ba Ya Ji a Ɗakunan Sinja

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, tukunyar gas ta yi wuya, wutar lantarki kuma ta zama ta jefi-jefi, har a jihar Sinnar mai madatsar ruwa tun 1925. Sinja kanta, babban birnin jihar, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka ƙwato ta a Nuwamba. Waɗanda suka dawo gidajensu, a birnin da ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu, sun jingina ne da gawayi, masu hali kuma da janareto. Gawayin da janareton duka suna fitar da iskar kabon monoksaid.

Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana samuwa ne idan gawayi ko itace ko fetur ya ci wuta inda iska ta yi ƙaranci. Da ta shiga huhu sai ta kama sinadarin jini mai dakon oksijin, kamun da ya fi na oksijin ƙarfi sau fiye da 200, ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke riƙe su. Gawayin da ya yi ja, hayaƙinsa ya ɗauke, shi ne wanda uwargida ke amincewa ta shigar ɗaki, alhali bai daina aman gubar ba.

Daren Disamba da Janairu ne lokacin hatsarin. An gama shayi ko gahawa, sauran garwashi a kurfoti, yara na rawar ɗari, sai a jawo shi ciki a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ɗakin bulo mai siminti ya fi bukkar ciyawa riƙe gubar. Haka nan akwai hatsari a janareton da aka ɓoye a zaure don tsoron ɓarayi.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da kowa a yankin zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Bambancin shi ne jiki ba ya zafi, 'yan ɗaki ɗaya kan kamu tare, kuma suna samun sauƙi da sun fita waje. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Wanda aka tarar a galabaice, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya asibiti domin a sa masa oksijin.

To, ko ana buƙatar na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar? A Amurka, inda gubar ke kashe mutum fiye da 400 a shekara, na'urar ta zama ruwan dare. A Ingila doka ta wajabta wa masu ba da haya sanya ta tun 2015 a ɗakin da ake ƙona itace ko kwal. Da batir take aiki, takan kai shekara 5 zuwa 10. Asibiti, makarantar allo mai ɗakin kwana da gidan da ke kunna janareto sun cancanci mallakarta. Amma magidancin da ke fafutukar abincin yau ba sai ya jira ta ba: a kashe garwashi ko a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta, janareto kuma ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.