Kura a Bakin Danga

Kukan kura daga ƙasa yake farowa. Takan sunkuyar da kai har bakinta ya kusa taɓa turɓaya, ta ja sautin a hankali, sannan ta ɗaga shi sama ta tsinke. In dare ya yi tsit, ana jinsa daga nisan kilomita 5. Dattawan ƙauyukan kudancin Katsina, daga Mabai ta ƙasar Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, ba sa bukatar a kwatanta musu shi, don da shi suka girma. Da zarar ya tashi daga gindin dutse, karnukan gari su ɗauka, awaki su takure a turke, uwargida ta leƙa akurki, maigida kuwa ya laluba gorarsa ya fita ya duba ko an kare ƙyauren zaure da kyau. In gari ya waye aka ƙirga dabbobi aka ga babu ɗaya, shari'a ta ƙare tun kafin a zauna: ga kukan kura, ga ɓatan ɗan akuya. Sau da yawa ita ɗin ce. Wani lokaci kuma ɓarawo ne ya jira ta yi kuka.

Babu dabbar dawa da Bahaushe ya zauna ya ƙare wa kallo irin kura. Zaki sarki ne, amma sarkin nesa, giwa kuma labarinta aka fi ji. Kura maƙwabciya ce, shi ya sa ta cika bakinmu. Mun ce ba a ba ta ajiyar nama. Mun ce in tana maganin zawo ta yi wa kanta. Wanda ya rasa mafita mun ce masa gaba kura, baya sayaki, kuma a cikin wannan magana kakanninmu sun bambance dabbobi biyu da baƙo kan haɗa. Kura mai dabbare-dabbare ce, ƙaƙƙarfa, mai zaman ƙungiya. Sayaki kuwa zane-zane gare shi da geza a gadon baya, bai kai ta girma ba, shi kaɗai yake kiwonsa, kuma mushe ne yawancin abincinsa. A tatsuniya ita ce Gizo ke yi wa wayo kullum, kwaɗayi ya kai ta, wauta ta kayar da ita, tsoro ya koro ta gida da gudu. Ana yi mata laƙabi da Amina, ana ce mata Burungu. Maguzawa sun sa Kure cikin manyan iskokinsu, kuma har gobe akwai masu rantsuwa cewa wasu mutane na rikiɗa su zama kuraye da dare. Dabbar da ake yi wa dariya da rana ana tsoronta da dare, ba ƙaramar dabba ba ce a zuciyar mutane.

Wani ɓangare na wannan shaida gaskiya ne, wani kuma ƙazafi. A shekarun 1960 wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya riƙa bin kuraye cikin dare a Ngorongoro da Serengeti ta Tanzaniya, ya fitar da littafinsa a 1972. Abin da ya gani ya rushe tsohuwar maganar cewa kura ragowar zaki take jira. Yawancin abin da take ci ita ke kamo shi, kuma a Ngorongoro sau da yawa zakin ne ke zuwa ya ƙwace. Tafiyar nan tata mai kama da ɗingishi, wadda tsawon ƙafafun gaba da gajartar na baya suka jawo, tafiya ce ta mai dogon zango. In ta ware tana kai gudun kilomita 60 a awa, kuma takan bi dabba har sai dabbar ta gaji ta tsaya. Duk da ƙirarta, ba dangin kare ba ce. Ta fi kusa da kyanwa da tunku.

A gidan kura mace ce da mulki. Ta fi namiji girma da faɗa, kuma 'ya'ya na gadon matsayin uwarsu, har ta kai ƙaramar 'yar shugaba na iya korar ƙaton namijin da ya zo daga wata ƙungiya daga kan nama. Halittar gaban macen ta yi kama da ta namiji ƙwarai, daga nan ne camfin cewa kura mata-maza ce ya samo tushe. Takan ɗauki ciki kwana 110 ko kusa da haka, ta haifi biyu galibi, baƙaƙe wuluk, idonsu a buɗe, haƙoransu a fito. Tana ajiye su a tsohon ramin dabgi ko na beguwa, ta shayar da su fiye da shekara guda. Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Kurar da ke sunsunar danga da tsakar dare, mai yiwuwa uwa ce mai shayarwa da ta yi tafiya mai nisa, 'ya'ya na jiranta a rami. Sanin haka bai mayar wa kowa da akuyarsa ba, amma yana nuna cewa yunwa ce ta kawo ta, kuma yunwa abu ce da ake iya lissafa hanyarta.

Ƙarfinta na a muƙamuƙi da ciki. Tana fasa ƙashin cinyar sa ta sha ɓargo, ta haɗiye fata da kofato, tana iya cin kilo 14 a zama guda. Kashinta in ya bushe fari fat yake zama saboda ƙashin da ta narkar, kuma da shi mafarauta ke gane inda take bi. Cikin nan nata yana cinye mushen da ya ruɓe ba tare da ta kwanta ciwo ba.

Sai maganar tsoro, wadda a ganina ita ce gindin zancen duka. Bahaushe ya ce kura ma ta san gidan mai babbar sanda, kuma ban san wata magana da ta fi wannan dacewa da abin da masu bincike suka tabbatar ba. Kay Holekamp da ɗalibanta suna bin kuraye a Masai Mara ta Kenya tun 1988, sun nuna cewa dabba ce mai riƙe abu a ka: tana gane 'yan ƙungiyarta ɗaya bayan ɗaya ta murya, tana sauya lokacin fitarta ta koma dare sosai a inda makiyaya suka yi yawa. Abin da muke kira tsoro, auna riba da hasara ne. Gidan da ta tarar da katanga, da kare mai haushi, da mutum mai farkawa, takan wuce. Gidan da ta samu ɓaraka sau ɗaya, za ta dawo, ta kuma dawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me ke jawo ta bakin gari tun farko? Mu ne. Kwata tana bayan gari, da jini da tumbi da ƙasusuwa. Juji yana bayan gari. Jakin da ya mutu, da tunkiyar da cuta ta kashe, bayan gari ake ja a yar. Shekaru aru-aru kura da ungulu ne masu sharar garuruwanmu, ɗaya da dare ɗaya da rana, ba wanda ya taɓa biyansu. A Mekele ta arewacin Habasha, Gidey Yirga da abokan aikinsa sun bincika kashin kuraye, suka ga kusan duk abincinsu daga abin da mutane suka zubar ne da dabbobin gida. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a lokacin dogon azumin Kiristocin ƙasar, sa'ad da mahauta ke rufe rumfuna, sai kurayen suka ƙara afka wa jakuna. An buga wannan a 2012. Ke nan in an saba mata da abinci sannan aka yanke, kan turke take juyowa. Sabo turken wawa.

Kada wani ya ɗauka ina raina hasarar. Talakan da kura ta farke wa jaki ya rasa abin ɗaukar taki da ruwa da amfanin gona a dare guda. Tsohuwar da ke da awaki uku, su ne asusunta na Sallah da na magani. A bazara kuma, da zafi ke korar mutane su kwana a waje, yaro ƙarami na cikin haɗari na gaske, don kura na iya kai wa mai barci hari. Kakanninmu sun san duk wannan, kuma amsarsu tana cikin ginin garuruwansu. Sun yi ganuwa, suna rufe ƙofa da magariba. Sun yi katanga da zaure ɗaya. Awaki da tumaki a cikin gida suke kwana, kusa da ɗakin matar da ta mallake su. Bafulatani na kewaye garke da ƙaya, ya hura wuta, ya kwanta kusa. Kabari ana rufe shi da itace, a ɗora ƙaya a kai don kada a tone. Ba su ce za su ƙarar da kura daga duniya ba, sun dai hana ta samun na banza.

Irin wannan rikici ne ke gudana yau a unguwannin Amurka da Kanada, sai dai can baƙin beyar ne mai zuwa. In kaka ta yi yana neman tara kitse kafin barcin hunturu, sai ya bi ƙamshin kwandon shara da abincin karnuka da tsabar da ake zuba wa tsuntsaye, har ya kai ga fasa mota ko shiga ɗakin girki. Wanda ya saba, ƙarshensa harbi ne daga ma'aikatan gandun daji. An gwada kwashe su a kai nesa, da yawa suka dawo. A garin Durango na jihar Kolorado sai aka raba wa wasu unguwanni kwandunan shara masu makulli, aka bar wasu yadda suke, kuma ɓarnar da beyar ke yi a kan shara ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100 a inda aka raba. Abin da suka gano da bincike, shi ne abin da mai garke ya daɗe da sani.

Mutanen Harar, tsohon birnin Musulmi na gabashin Habasha, wata hanya suka bi. A jikin ganuwarsu akwai ƙananan kafofi da kuraye ke bi su shiga da dare su kwashe ƙasusuwan kasuwa. Akwai gidajen da suka gaji ciyar da su a bayan ganuwa, kuma a ranar Ashura, wadda mu muke cika-ciki, ana ajiye musu fate da man shanu. Ba ina cewa a yi haka a Faskari ba. Ciyar da dabbar dawa da hannu wasa ne da wuta, kuma zaman Harar ya ginu ne a kan dogon sabo da ba a ƙirƙira shi a shekara guda. Amma ya isa shaida cewa gari da kura na iya sanin iyakar juna.

Yaran yanzu kuwa, in sun taɓa ganin kura, to a gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano ne, ko a hannun gardawa ranar kasuwa, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ana kiɗa ana sayar da magani. Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, ya bi wasu daga cikinsu a 2005 da 2007, hotunan suka zaga duniya. Mu ba mu bukaci hoto ba, tun tuni muka yanke hukunci: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardawa na da jarunta da sanin daji da ba a musu, amma duk wanda ya dubi idon dabbar nan cikin rana tsaka, ita da Allah Ya yi wa dare, ya san ana zaluntarta.

A dawa kuma ƙasa ta ƙure mata. Gona ta cinye saura da burtali, gatari da masu gawayi sun cinye kurmi, bindiga ta ƙarar da gada da barewa da mugun dawa da take farauta. Abin da ya rage sai guba, kuma ita ce mafi muni. Tun zamanin Turawa aka riƙa baza ta a ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, don kashe masu cin dabbobi. Yau maganin ƙwari na gona ake barbaɗa wa mushe. Guba ba ta tambayar wanda ya ci akuya. Tana kashe kura da dila da karen maƙwabci, tana kashe ungulu da yawa a kan mushe ɗaya. A 2015 aka sa ungulun nan tamu ta bakin kwata cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Inda babu kura babu ungulu, mushe na kwana yana wari, karnukan da ba su da mai su na yawaita, da su kuma cizon mahaukacin kare.

Dajin da ya rage mata a wannan yanki shi ne Kogo ta wajen Faskari, da Kuyambana a Zamfara, da Kamuku a Birnin Gwari. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da Kogo gandun daji na ƙasa, tare da wasu tara. A watan Disamba na shekarar ne kuma aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji. Mutanen Mabai da Faskari da Sabuwa sun san abin da ke hana su barci yanzu, kuma ba kura ba ce. Nakan ji ana kiran 'yan bindiga kuraye, abin yana yi mini ciwo, don kura ba ta taɓa kore garke guda ba, ba ta ƙona rumbu, ba ta neman kuɗin fansa.

Muna roƙon Allah Ya dawo da zaman lafiya, mutane su koma gonakinsu da kufayinsu. In hakan ta samu, waɗanda suka fi kusa da daji za su iya sake jin kukan nan. Roƙona ga masu unguwanni da dagatai da sarakunan fawa shi ne su riga ta shiri: a riƙa binne mushe da zurfi, a haƙa wa kwata rami mai murfi nesa da gidaje, a gyara danga kafin rani, ƙananan dabbobi da yara su kwana a ciki. Wanda kuma kura ta yi wa ɓarna, ya kai kuka wurin dagaci da ma'aikatan gandun daji, a duba masa. Don Allah kada ya sa guba.