Kunne Ya Girmi Kaka: Iyafis Mai Araha da Aikin Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai matakin rubuta kundin digiri a fannin harshe ya san cewa naɗar murya ita ce sashe mafi sauƙi na aikin. Wahalar tana wajen zama a saurara, a maimaita, sannan a rubuta abin da aka ji daidai yadda aka furta shi. A nan ne ɗan abin nan da muke cusawa a kunne, wanda 'yan kasuwa ke kira iyafis, yake shigowa cikin bincikenmu. Da yawanmu ba mu da ƙarfin sayen mai tsada, saboda haka nake so in yi bayanin abin da ya kamata mu duba a jikin mai araha. Misalaina na samo su ne daga Manchok, cikin Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, inda na tattara bayanai a kan Hausar da ake yi a yankin.

Me Kunnen Ɗalibi Yake Nema?

Sauti karkarwar iska ne, kuma ana auna yawan karkarwar a kowace daƙiƙa da ma'aunin haz. Lafiyayyen kunnen matashi yana iya jin sautin da ya kama daga haz 20 zuwa 20,000. Sai dai magana ba ta mamaye wannan fili duka ba, kowane ɓangare nata yana da mazauninsa.

Karin sauti yana ƙasa. Tantanin maƙwallaton namiji baligi yakan yi karkarwa tsakanin sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, na mace kuwa tsakanin 165 zuwa 255. Hawa da saukar wannan karkarwa ce take raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Abin da ke raba wasali da wasali yana tsakiya, daga haz 300 zuwa wajen 3,000. Su kuwa zuzau irin su "s" da "sh", da kaifin da ake ji a tunkuɗau irin su "ts", ƙarfinsu yana can sama, har ya zarce haz 4,000. Wannan ne ya sa "s" da "f" sukan rikice a kiran tarho na da, domin layin yana yanke duk abin da ya wuce haz 3,400.

Wani abin sha'awa shi ne, karin sauti da tsawon wasali ba su faye wahalar da iyafis ba. Ko da ya gaza fitar da sautin ƙasa sosai, ƙwaƙwalwa takan gano karin daga amon da ke samansa. Haka kuma tsawon wasali lokaci ne, kowace irin na'ura za ta nuna bambancin gari na mutane da gari na tuwo. Inda mai araha yake faɗuwa shi ne wajen baƙaƙe.

Dalilin da Ya Sa Manchok Ta Zama Ma'auni

Mutanen Manchok suna magana da Sholio, wanda aka fi sani da Moro'a ko Marwa, ɗaya daga cikin karorin harshen Tyap, ɗan'uwan Gworok na Kagoro da Fantswam na Kafanchan. A kasuwa da tasha kuwa Hausa ce take haɗa kowa da kowa. Tyap yana da baƙaƙen da Hausa ba ta da su, kamar "kp" da "gb" da "v", Hausa kuma tana da "ƙ" da "ɓ" da "ɗ" da "ts". Saboda haka tambayar mai bincike a irin wannan wuri ita ce: da mai magana ya faɗi kalmar ƙasa, da "ƙ" ya furta ta ko da "k"? Da ya ce tsaya, tunkuɗau ya yi ko zuzau? A cikin waɗanda na naɗa akwai masu rarrabewa sarai, akwai masu haɗe su, akwai kuma masu canzawa gwargwadon wanda suke magana da shi. Idan iyafis ya dushe waɗannan baƙaƙe, ɗalibi zai rubuta abin da yake zato ne kawai, ya ɗora wa al'umma guda furucin da ba nasu ba, kuma kuskuren ya shiga kundi ya zauna a laburare.

Inda Matsalar Take

A cikin kowane kunne na iyafis akwai ɗan maganaɗisu da naɗin siririyar waya da wani tantani mai rawa yana tura iska. Wannan fasaha tsohuwa ce kuma ba ta da tsadar ƙerawa, shi ya sa mai araha ma yana iya yin kyau. Matsalar ita ce yawancin na kasuwa an tsara su ne domin masu jin waƙa, an ƙara musu gurnanin ƙasa, wanda masu sayarwa ke kira bes. A Kafanchan, in ka tsaya a teburin mai kayan waya, abin da zai fara yaba maka ke nan. To amma sautin ƙasa mai ƙarfi yakan danne na samansa, kamar yadda ganga take rufe muryar mai waƙa. Abin da ya zama ado ga mai jin kiɗa ya zama cikas ga mai nazarin furuci.

Yadda Nake Gwadawa Kafin Saye

Na farko, ina zuwa da muryar da na naɗa a wayata, ta wanda na san furucinsa, yana faɗin tagwayen kalmomi: sara da tsara, bari da ɓari, kafa da ƙafa, sa da sha. In ban iya raba su ido a rufe ba, na ajiye.

Na biyu, ina duba robar baki. Dole ta toshe kunne daidai, domin in iska tana fita sautin zai sirance, hayaniyar janareta da babura kuma ta shigo. Wanda ya zo da roba girma uku ya fi.

Na uku, ina tabbatar da ƙarfin kunnen dama da na hagu ɗaya ne, sannan in murza wayar a gindin filogi, domin nan ne take fara tsinkewa.

Na huɗu, a wajen rubuta magana na fi son mai waya a kan na Bluetooth. Ba ya buƙatar caji, wanda babban abu ne a inda wuta ba ta da tabbas, kuma ba ya jinkirta sauti. Wannan yana da muhimmanci ga mai amfani da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, inda ake yanka sauti guntu-guntu ana saurare.

Kula da Kunne

Ƙurar hunturu da dauɗar kunne sukan toshe 'yar ragar bakin iyafis, kuma sautin sama ne yake fara ɓacewa, don haka a riƙa gogewa. Sannan a rage ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80. Yawan ƙara yakan fara lalata jin sautin sama ne, wato daidai inda aikinmu yake.

Kammalawa

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma mu ba ado muke nema ba. Iyafis mai sauƙin kuɗi da ya fitar da baƙaƙe tas ya fi mai tsadar da ke girgiza kai. A tuna kuma cewa babu iyafis ɗin da zai gyara muryar da aka naɗa cikin iska ko ƙarƙashin kwano ana ruwan sama. Shawarata ga 'yan aji uku masu shirin fita bincike ita ce, su naɗi tagwayen kalmominsu tun yanzu, su tafi kasuwa da su.