Yadda tsohuwar hanyar alfadarai ta zama matattarar mahaya keke a gefen birnin Washington

Duk safiyar Asabar idan yanayi ya yi kyau, wuraren ajiye motoci da ke bakin kogin Potomac a jihar Maryland ta Amurka kan cika tun da hantsi. Mazauna unguwannin bayan gari irin su Bethesda da Potomac ne ke sauke kekuna daga bayan motocinsu. Ba titin kwalta suke nema ba. Burji suke nema, wata siririyar hanya ta ƙasa da tsakuwa wadda ta miƙa tsakanin kogin da wata tsohuwar magudanar ruwa da aka haƙa da hannu.

Sunan magudanar Chesapeake and Ohio, amma kowa C&O yake ce mata. Ta taso daga unguwar Georgetown a birnin Washington, ta ƙare a garin Cumberland, tafiyar mil 184 da rabi, wato kusan kilomita 297. Hanyar da ke gefenta ba don keke aka yi ta ba, don alfadarai aka yi ta, masu jan jiragen ruwa da igiya.

Kasuwar da jirgin ƙasa ya kashe

Ranar 4 ga Yulin 1828 Shugaba John Quincy Adams ya fara sara ƙasa don buɗe aikin haƙar. Burin shi ne a haɗa gabar tekun gabas da kogin Ohio. A wannan rana ce kuma aka aza harsashin layin dogo na Baltimore and Ohio a birnin Baltimore, wanda shi ma yamma ya nufa.

Aikin ya sha wahala. Baƙin haure daga Ireland da Jamus, da kuma bayi, su suka yi haƙar da diga da shebur. Kwalara ta afka wa sansanonin ma'aikata a 1832, ga ƙarancin kuɗi, ga shari'a da kamfanin jirgin ƙasa a kan fili. Sai a 1850 ruwa ya kai Cumberland, shekara takwas bayan jirgin ƙasa ya isa garin. Nan aka tsaya, ba a taɓa kai wa kogin Ohio ba.

Duk da haka ta yi aiki. Shekaru da dama jirage na sauko da kwal daga duwatsun yammacin Maryland zuwa Washington, alfadarai na ja, sau da yawa 'ya'yan masu jiragen ne ke tafiya a ƙasa suna kora su. Ambaliyar 1924 ce ta kawo ƙarshen sana'ar, gwamnatin tarayya kuma ta saye magudanar a 1938.

Alƙalin da ya taka da ƙafa

Saura ƙiris a shimfiɗa wa wurin kwalta. A farkon shekarun 1950 an fito da shirin mayar da shi titin mota na yawon buɗe ido, kuma a Janairun 1954 jaridar Washington Post ta goyi bayan shirin a sharhinta.

Mai Shari'a William O. Douglas na Kotun Ƙolin Amurka bai yarda ba. Ya rubuta wa jaridar wasiƙa, ya ƙalubalanci editocinta da su zo su taka hanyar tare da shi, su ga abin da suke son a binne. Suka amsa. A watan Maris na shekarar aka tashi daga kusa da Cumberland, aka yi kwana takwas ana tafiya, 'yan jarida na biye. Mutum tara ne kawai suka kammala tafiyar duka, ciki har da alƙalin, wanda a lokacin yake da shekara 55.

Jaridar ta sauya matsayi, amma majalisa ba ta yi gaggawa ba. Sai a 1971 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa. Da an yi titin, yau ƙarar mota za a riƙa ji a inda ake jin ƙararrawar keke.

Me ake nema a burji?

Amsa ta farko ita ce tsira da rai. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka sun nuna cewa a 2022 kaɗai sama da mahaya keke dubu ɗaya ne suka mutu a haɗurran da suka haɗa da motoci. Unguwannin bayan gari kuwa da mota aka tsara su: tituna masu faɗi, direbobi na gudu, wani kuma ido na kan waya. Magidancin da ba zai bar ɗansa ya hau keke zuwa makaranta ba, a bakin magudanar nan sai ya sake shi ya yi gaba, don babu motar da za ta biyo shi.

Ta biyu ita ce sauƙi. Tun da ruwan magudana ba ya hawa tudu, hanyar gefensa ma shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Georgetown zuwa Cumberland tashin ƙasar bai wuce mita 185 ba, kuma an rarraba shi ne a kan ƙofofin ruwa 74 da ake ɗaga jirage da su mataki-mataki. Mahayi kan ji ɗan hawa ne kawai idan ya iso ƙofa.

Sai kuma keken kansa. A 'yan shekarun nan kamfanoni sun fito da samfurin da aka ƙera don burji. Ƙirarsa ta keken tsere ce, hannu a lanƙwashe, amma tayarsa ta fi faɗi, yawanci milimita 35 zuwa 50. Da yawa ba su da tif a ciki, wani ruwa ake zubawa a tayar wanda ke toshe ƙaramin huji da kansa idan ƙaya ko tsakuwa ta soke ta. Abin ya zama wasa mai zaman kansa. Tseren da yanzu ake kira Unbound Gravel a jihar Kansas ya fara a 2006 da mahaya 34, yau dubbai ne ke shiga. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta tseren burji a Italiya.

Gaskiyar magana dai, hanyar C&O ba ta buƙatar keken dubban daloli. Duk keken da ke da taya mai ɗan kauri da birki mai kamawa zai yi, kuma a kullum ana ganin tsofaffin kekuna na wuce sababbi.

Abin da ke kan hanya

Mafi yawan mazauna unguwannin ba sa yin tafiyar duka. Sukan shiga ta wata ƙofar ruwa da ke kusa da gida, su yi awa biyu ko uku, su juyo. Wurin da ya fi cika shi ne Great Falls, a mil na 14, inda kogin Potomac ke faɗowa ta tsakanin duwatsu da ƙara mai ƙarfi. Gaba kaɗan akwai ƙofofin Swains da Pennyfield da Violettes. Daga wajen Violettes zuwa sama galibin magudanar babu ruwa, bishiyoyi ne suka tsiro a cikinta.

A Seneca, wajen mil na 23, akwai kangon ma'aikatar yankan dutse. Daga nan aka samo jan dutsen da aka gina tsohon ginin cibiyar Smithsonian a Washington. A mil na 42 kuma sai gadar Monocacy, mai baka bakwai, wadda aka gina don ta ɗauki ruwan magudanar da jiragensa ta tsallakar da su ta saman wani kogi.

Mai son nisa yana da wuraren kafa tanti kyauta a tsakanin 'yan mil kaɗan, wasu da rijiyar tuƙa-tuƙa. An kuma gyara wasu gidajen masu gadin ƙofofin ruwa ana ba da hayarsu na kwana. Wajen mil na 155 hanya ta kutsa cikin dutse ta ramin Paw Paw, mai tsawon kusan mita 950, wanda aka shafe shekara 14 ana haƙa. Ciki duhu ne ƙirin, ruwa na ɗiga, sai da tocila, kuma an fi so mutum ya sauka ya tura keke. Daga Cumberland wata hanyar, Great Allegheny Passage, ta ɗora mil 150 har Pittsburgh, an kammala ta a 2013.

Inda gizo ke saƙa

Farin jini na da nasa ciwon kai. Hanyar siririya ce, ga masu tattaki, ga masu gudu, ga masu karnuka, ga yara. Dokar gandun ta ƙayyade gudun keke a mil 15 a awa, kuma sai mahayi ya buga ƙararrawa ko ya yi magana kafin ya wuce wani. Masu kekunan burji da ke atisayen tsere ba duka ke bin wannan ba, shigowar kekuna masu batir kuma ta ƙara zafafa muhawarar.

Kogin da ya kashe kasuwar jirage bai daina ɓarna ba. Guguwar Agnes a 1972 da ambaliya biyu a 1996 sun yayyage sassa masu yawa na hanyar. A yankin Big Slackwater an shafe shekaru ana karkatar da mahaya zuwa titin mota mai haɗari, sai a 2012 aka sake buɗe wurin. Hukumar gandun na bi tana zuba niƙaƙƙen dutse a inda taɓo da saiwoyi suka lalata. Masu tafiya da iyali na murna, wasu 'yan burji kuwa na ƙorafin an yi wa hanyar laushi da yawa.

Babban rashin ya zo ne daga rikicin fili. A wajen mil na 35 akwai fiton White's Ferry, jirgin da a da yake bin igiyar ƙarfe yana tsallakar da motoci da kekuna zuwa gundumar Loudoun ta jihar Virginia, wadda ta yi suna da tsofaffin hanyoyin burji na karkara. A da mahaya kan biyo hanyar keke ta W&OD daga unguwannin Virginia zuwa Leesburg, su yi fito, su koma Washington ta bakin magudana.

A Disamban 2020 fiton ya tsaya cak, bayan wata kotu a Loudoun ta ba masu gonar da jirgin ke sauka a filinsu gaskiya a ƙarar da suka shigar. Rufewar ta raba garin Poolesville da Leesburg, waɗanda a da tsallaken 'yan mintuna ne tsakaninsu. Gada mafi kusa tana Point of Rocks, sama da mil 12 gaba, kuma babban titi ne da manyan motoci ke bi.