Ɓarawon Dare da Ɓarawon Waya: Yadda Ake Tsare Makaranta da Shago

A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Suka kora ɗalibai cikin daji. Sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Ƙanƙara ba nesa take da Dutsin-Ma ba. Hanya ɗaya ce ta haɗa su, ta 'Yantumaki. A watan Oktoba na 2023 kuma abin ya iso cikin garin Dutsin-Ma. Aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya daga gidan hayar da suke zaune, a wajen makaranta.

Tun daga lokacin, in aka ce tsaro, katanga da kwaɗo mutane ke tunawa. Suna da amfani ƙwarai. Amma ɓarawo ba ya zuwa da ka. Kafin ya zo, sai ya san ƙofar da ba ta rufuwa, da lokacin da maigadi ke tafiya cin abinci, da ranar da mai shago ke kwana da kuɗi. Wani ne ke faɗa masa. Wani lokaci infoma ne, watau mai kai wa ɓarayi labari don a biya shi. Sau da yawa kuwa mutumin kirki ne da ya saki baki a teburin mai shayi, bai san wa ke saurare ba.

A Makaranta

Abu na fari shi ne a san wanda ya shigo da wanda ya fita. Makarantu da yawa a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ba su da katanga. Hanyar kasuwa ma ta tsakiyar filin wasu take bi. Inda babu kuɗin bulo, shingen ƙaya ko na aduwa ya fi babu. A bar ƙofa ɗaya ta shiga. A ajiye littafi a bakin ƙofa, baƙo ya rubuta sunansa da wurin wanda ya zo. A sare ciyawa da dogayen shuke-shuke na bayan azuzuwa, musamman da kaka, lokacin da dawa ke ɓoye mutum a tsaye.

Sai dai katangar da ba ta da mafita tarko ce. A Ƙanƙara yara da dama sun tsira ne don sun haura katanga sun gudu. Saboda haka ya kamata a yi ƙaramar ƙofa ta baya, mabuɗinta na hannun malami amintacce. A koya wa yara inda za su nufa. A ware wani bugun ƙararrawa na daban wanda ke nufin haɗari, a riƙa gwada shi sau ɗaya a zango, cikin natsuwa, ba tare da an firgita ƙanana ba. Makarantar jeka-ka-dawo ma kada ta saki jiki. A Kuriga ta Jihar Kaduna, a watan Maris na 2024, da safe aka zo, lokacin taron asambali.

Rajistar kiran suna ita ma kayan tsaro ce. Bayan harin Ƙanƙara an yi kwanaki ana neman sanin yara nawa aka ɗauke, nawa suka tsere gida. Hedimasta mai lura yana da kwafi biyu na sunayen yara da lambobin iyayensu. Ɗaya a ofis, ɗaya a gidan shugaban kwamitin makaranta.

Akwai kuma maganar wa za a kira. Lambar ofishin 'yan sanda, da ta Sibil Difens, da ta mai unguwa, da ta dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, duk a rubuta su a bango da manyan baƙaƙe. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Kada a dogara da waya ita kaɗai. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma, don a yanke tsakanin infoma da 'yan bindiga. Aka yi watanni babu kira. Makarantar da ta shirya da wani mai babur ko mai keke a kusa, saƙonta zai isa ko babu sabis.

Yanzu makarantu da yawa suna da zauren WhatsApp na iyaye. Abu ne mai kyau, amma zaure ne mai ƙofa a buɗe. Ranar da za a kai yara jarrabawa wani gari, da motar da za su shiga, da hanyar da za a bi, ba abin sawa a zaure ba ne. A faɗa wa iyaye baki da baki. Mai kula da zauren ya riƙa duba lambobin ciki, ya cire wadda ba a san mai ita ba.

A Shago da Kasuwa

Da, mai shago ƙyauren ƙarfe yake sa, ya haɗa kuɗi da maƙwabta su ɗauki maigadi. Har gobe wannan na nan. A ƙara da fitila mai amfani da hasken rana a bakin layi. Mai hatsi ko mai dabbobi kuma kada ya ƙirga kuɗi a bainar jama'a ranar kasuwa, kada kullum ya bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya.

Amma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuɗin mutane da yawa sun koma cikin waya. Mai kayan miya ma tiransifa take karɓa. Ɓarawo ya bi kuɗin can. Wannan ɓarawon ba ya haura katanga. Kira yake yi, da murya mai daɗi da ladabi.

Ga yadda yake yi. Zai ce daga banki yake, wai za a rufe asusu in ba a gyara ba yau. Ko ya ce sunan mutum ya fito a tallafin gwamnati. Har yana iya faɗin cikakken sunan mai asusun, don a yarda da shi. Daga nan sai ya nemi lambobin jikin katin ATM, ko lambar sirri mai alƙaluma huɗu, ko wata lamba da banki ya aiko ta saƙo yanzun nan. Wannan ta ƙarshen ita ce mabuɗin. Banki ya aiko ta ne don wani yana ƙoƙarin cire kuɗi. Da an karanta masa, shi ke nan. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrinsa. Duk wanda ya tambaya, a kashe waya, a tafi bankin da ƙafa.

Wanda bai gama iya karatu ba ya fi shiga haɗari, domin yakan miƙa kati ga mai POS ya ce, "Danna mini." Yawancin masu POS mutanen kirki ne, amma lambar sirri ba ta biyu ba ce. Alƙaluma huɗu ne kawai. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci zai iya koyon danna su cikin mako guda. Kada a rubuta su a bayan kati. Kada kuma a zaɓi 1234 ko shekarar haihuwa, don su ɓarawo ke fara gwadawa.

Sai alat na bogi. Mai saye zai nuna hoton tiransifa a wayarsa, ko saƙo ya shigo kamar daga banki, alhali ko sisi bai shiga ba. An fi yin haka da yamma, lokacin da kasuwa ta cika, mai kaya na sauri. Mai shago ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa. In bai ƙaru ba, kaya su tsaya, ko da mai sayen ya yi fushi.

In waya ta ɓace, abin gudun ba wayar ba ce, layin ne. Da layin ɓarawo zai iya shiga asusu. Bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu daga wayar wani. A tambayi banki wannan lamba tun yanzu, a rubuta ta a ajiye a gida. Bayan an rufe asusu, sai a je ofishin kamfanin waya da lambar NIN a rufe layin, a karɓi sabo. Sa'an nan a kai rahoto wurin 'yan sanda.