Kaya Sun Iso A Karye: Wa Shari'a Ta Ɗora Wa Asarar?

Ciniki ya koma cikin waya. Uwargida tana zaune a Dutsen Abba za ta ga hoton kaya a WhatsApp ko Facebook, ta yi tayi, ta tura kuɗi, bayan kwana biyu a kira ta a ce saƙonta yana tasha a Kwangila. Kaso mai yawa na irin waɗannan kaya na gwanjo ne: jakunkunan makaranta, tangaran, na'urorin girki da kayan wasan yara da ake fasa dilarsu a Ƙofar Wambai ta Kano ko Katangowa ta Legas. Idan kaya suka iso lafiya babu mai tuna fiƙihu. Ranar da aka buɗe kwali aka tarar da abu a karye ake jiyo kalmomin nan uku: mai sayarwa ya ce lafiya ƙalau ya bayar, direba ya ce yadda aka ba shi haka ya kawo, mai saye kuma ya ce kuɗinsa yake so.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi ƙanƙanta a ido, domin a kan ƙaramin abu ne mutane suka fi sakin jiki da haƙƙin juna. Wata uwa ta sayi 'yar tsana ta hannu, irin tsofaffin nan masu fuskar tangaran, a kan naira dubu 20, ta biya kuɗin mota, kaya suka iso fuskar ta tsage. Wani zai ce abin wasa ne. Amma naira dubu 20 kuɗin cefane ne na kwanaki, kuma a kasuwannin intanet irin su eBay akwai masu tara tsofaffin 'yan tsana, inda Barbie ta farko da kamfanin Mattel ya fitar a 1959 take kaiwa dubban daloli idan tana nan yadda take, tsaga ɗaya kuwa ta isa ta karya darajarta.

Kafin maganar asara, dole a tambaya ko abin dukiya ce da Shari'a take karewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), bai hana ta ba. A ruwayar Abu Dawud har da wani doki mai fukafukai a cikinsu, wanda ya sa Annabi (SAW) ya yi dariya. A kan haka ne Alƙali Iyad ya hakaito daga mafi yawan malamai halaccin sayar da su domin 'yan mata, saboda suna koyon reno da su, kamar yadda 'ya'yanmu suka daɗe suna goya ta kara ko ta ƙashi. Wannan rangwame na yara ne. Babba ya jera mutum-mutumi cikakke a falo domin ado, wannan wani babi ne, kuma malamanmu na Malikiyya ba su halatta shi ba. Wadda aka saya wa yarinya kuwa dukiya ce mai ƙima, wanda ya ɓata ta zai biya.

To, wa ke ɗauke da lamunin kaya a tsakanin hannun mai sayarwa da hannun mai saye? Asali a mazhabar Imam Malik shi ne da zarar an ƙulla ingantaccen ciniki a kan abin da yake gaban mutane, lamuni ya koma kan mai saye ko da bai ɗauka ba. Amma Shehu Khalil a Mukhtasar ɗinsa ya ware wasu abubuwa daga wannan asali, daga cikinsu akwai abin da ba ya nan, aka sayar da shi bisa siffantawa. Shi wannan yana nan a wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa. Hanafiyya da Shafi'iyya ma sun fi faɗaɗawa, domin a wurinsu duk abin sayarwa yana cikin lamunin mai sayarwa kafin a karɓa. Cinikin waya kuwa shi ne ainihin sayar da abin da ba ya nan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar tun 1990 a Jidda cewa ciniki yana ƙulluwa ta na'urorin sadarwa na zamani, don haka babu mai cewa ai hira ce kawai aka yi. Hukuncin farko ke nan: 'yar tsanar da ta fashe a hanya, asarar tana kan mai sayarwa, kuma uwar yarinya tana da haƙƙin a mayar mata da kuɗinta.

Akwai abu biyu da ke juya wannan hukunci, kuma a nan ne mafi yawan rigimar take. Na ɗaya shi ne wanda ya zaɓi direba. Idan mai saye ne ya ce "ka ba wane, ɗan unguwarmu ne, zai taho da su", to wane ya zama wakilinsa, karɓarsa karɓar mai saye ce, nauyi ya sauka daga kan mai sayarwa tun a tashar Kano. Idan kuwa mai sayarwa ne ya ce "zan sa maka a mota", ya zaɓi motar da kansa, to direba hannunsa ne, ko da mai saye ne ya biya kuɗin. Na biyu shi ne sharaɗi. Malikiyya sun yarda a sharɗanta tun wurin ƙulla ciniki cewa lamunin hanya yana kan mai saye. Sai dai a lura: tun wurin ƙulla ciniki. Abin da muke gani shi ne sai bayan an turo hoton ɓarna ne mai kaya zai ce "ai mu dama ƙa'idarmu kaya in sun bar hannunmu ba ruwanmu". Ƙa'idar da ba a faɗa ba kafin a karɓi kuɗi ba ta hawa kan kowa. Ko an faɗa ma, ba ta wanke wanda ya jefa tangaran a leda ya ɗaure ba, domin wannan sakacinsa ne, ba ƙaddarar hanya ba.

Shi kuma direba amintacce ne a asali. Wanda aka ɗauka haya domin ya kai kaya ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Imam Malik ya ware abinci kawai, saboda hannu yana saurin kai masa. Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya kawo cewa babu lamuni a kan mai jirgin ruwa, amma kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya. Idan mota ta yi haɗari ko 'yan fashi suka tare hanya, ba a bin direba. Idan kuwa an gaya masa abin fashewa ne, ya ɗora buhun albasa a kai, ko ya bar kwali a saman mota ruwa ya dake shi, wannan sakaci ne ƙarara. Abu Yusuf da Muhammad, almajiran Abu Hanifa, sun tafi a kan cewa mai yi wa jama'a aiki da lada yana biya sai dai in abin ya fi ƙarfinsa, kamar gobara. A ganinmu wannan ra'ayi ya fi dacewa da kamfanonin aika saƙo da ke karɓar kuɗi na musamman, su ba da rasit, su yi alkawarin kulawa. Direban da aka roƙa ya taimaka kyauta kuwa, ajiya ce a hannunsa, kuma tsananta masa yana kashe taimako a tsakanin mutane.

Yadda ake biya ma yana da tsari. Anas ya ruwaito cewa wata daga cikin Iyayen Muminai ta doke akushin da kishiyarta ta aiko da abinci a ciki ya fashe, Annabi (SAW) ya tattara abincin, ya mayar wa mai shi da lafiyayyen akushi. Abin da yake da irinsa ana iya biya da irinsa. Tsohon abu da ba a ƙara yin irinsa ba, sai da ƙimarsa, kuma masana kasuwarsa ne ke yanke ƙimar, ba son da mai shi yake yi masa ba. Idan ɓarnar kaɗan ce, hannu ya cire ko riga ta yage, wanda ya yi ta zai gyara ya cika abin da ya ragu na daraja. Idan ta kashe amfanin abin, mai shi yana da zaɓi: ya bar masa ya karɓi cikakkiyar ƙima, ko ya riƙe ya karɓi ragin. Inda aka daidaita da mai sayarwa a kan a riƙe kaya a yi ragi, lissafin mai sauƙi ne: in lafiyayya tana dubu 20, mai tsaga tana dubu 15, kashi ɗaya cikin huɗu na farashin da aka biya ne zai dawo.

Wani lokaci hanya ba ta da laifi ko kaɗan. Tsagar tsohuwa ce, an liƙe ta da gam, an ɗauki hoto ta ɓangaren da ba ta fitowa, girgizar mota ta tona asiri. Wannan shi ne algus ɗin da Annabi (SAW) ya barranta daga mai yin sa a ranar da ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Cewa "ai gwanjo ne" yana ɗauke abin da al'ada ta sani, kamar koɗewar launi da ɗan gogewa, amma ba ya ɗauke aibin da mai kaya ya sani ya ɓoye. Mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ita ma ta ba shi ƙofar kai ƙara.

Masu saye su ma ba a bar su ba. Ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu, don haka wanda ya buɗe kwali a gaban direba ko ɗan kamasho, ko ya ɗauki bidiyo tun kafin ya yanke igiya, ya sauƙaƙa wa kansa da wanda zai yi musu sulhu. Wanda ya ga aibi ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ya miƙa wa yarinya ta yi mako tana wasa da ita, aikinsa ya nuna yarda, haƙƙin mayarwa ya faɗi. Mafi muni shi ne wanda kaya suka iso masa lafiya, suka faɗi a tsakar gidansa, ya ɗauki hoto ya ce mota ce. Sau da yawa wadda za ta biya bazawara ce da jarinta bai wuce dila ɗaya ba. Haka nan yaɗa hoton mutum a dandalin sada zumunta da sunan ɗan damfara tun kafin a ji ta bakinsa. Ana iya mayar da dubu 20, mutuncin da aka zubar a gaban unguwa ba ya kwasuwa.

Idan an rasa gane inda ɓarnar ta faru, babu shaida, babu wanda yake son rantsuwa, sulhu halas ne matuƙar bai halatta haram ba. Dattawan kasuwa da shugabannin tasha sun saba raba irin wannan asara biyu ko uku, kuma Shari'a ba ta ƙi ba idan kowa ya yarda da ransa, ba don kunya ko tsoro ba. Mai sayarwar da ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi alhali ba dole ba ne a kansa, Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito albishir gare shi cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

Duk wannan ana iya tare shi da tambaya ɗaya a rubuce kafin a tura kuɗi: idan ya lalace a hanya, wa zai ɗauka? A ajiye amsar a waya, a nemi hoton kayan ta kowane ɓangare da na yadda aka naɗe su, a rubuta a jikin kwali cewa abin fashewa ne, a kuma gaya wa direba da baki a gaban shaida.