Gidan da Yake Girma Tare da Iyali



Duk wanda ya zaga cikin tsohon gari a Ikara, Makarfi ko Kudan zai ga gidaje masu doguwar katanga da ƙofa ɗaya. A ciki kuwa akwai kaka da 'ya'ya da matansu da jikoki, kowa da sashensa. Ba a rana ɗaya ake gina irin wannan gida ba. Maigida yakan fara da katanga da zaure da ɗaki biyu ko uku, ya bar sauran fili. Idan ɗa zai yi aure, sai a kwaɓa ƙasa a yi tubali a fitar masa da sashe. Gidan yana girma kamar yadda iyali ke girma.

Zaure kaɗai ya isa abin lura. A nan ake saukar baƙo, a nan maza ke haɗuwa cin tuwon dare, a nan ake zaman suna da na makoki, a wasu gidajen ma har karatun allo. Shigifa tana hana ɗan waje hango mata. Tsakar gida kuma wurin girki ne da daka da shanyar masara da barkono, sannan wurin kwana idan zafin bazara ya hana barci.

Yanzu mutum zai sayi fuloti mai ƙafa 50 da 100, ya cike shi da ɗakunan bulo tun daga farko, ya sa ƙofar ƙarfe a madadin zaure. Kyau kam akwai. To amma ranar da ɗansa zai yi aure, ina za a sa amarya? Sai haya a wata unguwa, a bar tsofaffi babu mai ɗebo musu ruwa. Ga kwano yana gasa mutane a watan Afrilu, alhali soro mai kaurin bango yana riƙe sanyi.

Ginin ƙasa ma yana da tasa matsalar. Idan ba a yi yaɓe kafin damina ba, ko indararo ya toshe, ruwan Agusta zai iya kayar da bango a kan mutane. Amma wannan laifin rashin kula ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, har yau bakunansa suna tsaye, ko da yake an rufe shi da sabon gini.

A Yamai, babban birnin Nijar, wata mai zanen gini, Mariam Kamara, da abokan aikinta sun kammala gidaje shida a 2016, ana kiransu Niamey 2000. Da bulon ƙasa da aka matse da inji suka yi su. Da yake fili ya yi tsada sai suka hau bene, amma ba su yar da tsakar gida ba.

A ganina mu ma za mu iya. Mai gini ya zuba harsashi mai ƙarfi da dutse da siminti, yadda zai ɗauki bene nan gaba. Ya bar tsakar gida da bishiya ko da ɗaya ce, ya fitar da magudanar ruwa har kwata. Ɗakin tsofaffi kuma a yi shi a ƙasa kusa da banɗaki, tunda kaka ba za ta iya hawan matakala ba.