Sa Hannu a Littafi Ba Ya Tsayar da Jini

Makon jiya wani ƙanina ya zo daga ƙauye da littafin aikin asibiti na matarsa, ɗalibar ungozoma, a cikin leda. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, ki samo mana wata sista ta sa mata hannu mana. Ga nisa, ga damina, ga goyo." Shi ne na uku da ya kawo mini wannan roƙo bana, kuma wallahi na gaji.

Ɗalibar ungozoma, ko mai karatun shekara uku ce ko mai shekara biyu ta karkara, dole a tura ta asibiti fostin. Duk awon cikin da ta yi da haihuwar da ta karɓa sai a rubuta a littafinta, ungozomar da ta tsaya a kanta ta sa hannu.

Hujjar masu wannan roƙo kullum ɗaya ce: ai 'yar ƙauye ce, ta tashi tana ganin haihuwa, kakarta ma ungozoma ce. To, gani ba ci ba ne. Haihuwar da ta zo da sauƙi kowace tsohuwa za ta karɓa. Ana horar da yarinyar ne saboda daren da mabiyiya za ta faɗo, jini ya ɓalle. A lokacin sai ta ɗora hannu a marar mai jego, ta ji ko mahaifa ta yi tauri ko ta saki kamar ƙullun fulawa, ta murza, ta yi allurar oksitosin, ta san lokacin da za ta ce a nemo mota. Wannan a tafin hannu ake koyonsa. Haka jijjiga: wadda ba ta taɓa auna hawan jinin mai ciki ta ga ya haura ba, yaya za ta gane ciwon kan da ke gabanta? Masu cewa ta je da safe ta dawo da azahar kuma, yaushe naƙuda ta fara duba agogo?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 43 cikin 100 kaɗai ƙwararru ke karɓa a Najeriya. Irin wannan ƙarancin ne ya sa shirin Women for Health, daga 2012, ya riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyukan Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, don su koyo su koma gida. Idan yarinya ta koma, sau da yawa ita kaɗai ce a asibitin, babu likita a ɗaki na gaba. Matar da za a shimfiɗa a gabanta wataƙila ƙanwarka ce.

Makarantu da hukuma ma suna da nasu laifin, musamman wajen masauki.

Amma ku fara da abin da ke hannunku. Da an shiga zango, ɗalibar ta tambayi watannin fostin, a ware kuɗin mota tun lokacin kaka. A nemi masauki kusa da asibitin, gidan dangi ko ɗakin da ɗalibai uku za su haɗa kuɗi su kama. Idan kuna son a sauya mata wuri zuwa kusa da gida, ku rubuta wa makaranta da wuri, kuma ku fara tabbatarwa ana haihuwa sosai a can, akwai ungozoma mai lasisi. Maigida ya je da ƙafarsa ya ga inda take kwana ranar aikin dare, kafin 'yan tsegumi su ba shi nasu labarin. Ta riƙe tocila da fawa bank.

Ƙanina dai na mayar masa da littafin yadda ya kawo shi. Mun tsayar da shawara Inna za ta bi matar ta riƙe mata jaririn, su zauna a ɗakina na zaure har ta gama.